Ga Ruwa Ga Iska: Filin Wasa A Bakin Dam Ɗin Gurara, Tun Kafin A Riga Mu

 

Yau maganar wasa muka kawo, amma wasan da ke da fili da ruwa da rayukan yara a cikinsa. A ƙasashen da ke da teku, akwai filayen shaƙatawa da ake warewa a bakin ruwa domin masu wasa da iska: wasu su hau allo mai ƙyalle iska ta tura su, wasu kuma ƙaton jirgin leda ya ja su a kan ruwa. Mu ba mu da teku, kowa ya sani. Amma muna da dam ɗin Gurara a bayan gida, muna da hunturu da ke zuwa mana kowace shekara ba tare da an aika masa goron gayyata ba. Ra'ayinmu shi ne, ya kamata mu nemi a ware wa jama'a wani yanki na bakin ruwan nan, mu koya wa yaranmu iyo, mu fara da ɗan abin da muke iyawa, tun kafin wasu su zo su kewaye wurin da katanga su sa mana kuɗin shiga.

Bari mu fara da abin da ke hannunmu. Gwamnatin tarayya ce ta gina dam ɗin Gurara, aikin da aka bayar a zamanin mulkin Obasanjo. Tafkin da ya taru a bayansa yana ɗaukar ruwa kimanin kyubik mita miliyan 880. Daga nan aka shimfiɗa bututu mai faɗin mita 3, tsawonsa kusan kilomita 75, yana kai ruwa dam ɗin Usuma da ke kusa da Bwari, wanda mutanen Abuja ke sha. Akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 30, akwai kuma aikin noman rani na Azara da Jere. Ga titin Abuja zuwa Kaduna ya ratsa mu, ga hanyar Bwari, ga wadda ta nufi Kagarko da Kwoi har Kafanchan. Jirgin ƙasan da aka buɗe a watan Yulin 2016 ma an yi masa tasha da sunan garinmu.

To amma mu tambayi kanmu: cikinmu mutum nawa ne suka taɓa zuwa bakin tafkin nan haka kawai, su zauna, su sha iska, su kalli ruwa? Da yawanmu a hoto muka san shi. Ɗan Jere zai biya kuɗin mota ya je tafkin Jabi a Abuja ya ɗauki hoto ya ɗora a Facebook, alhali a gida ya baro wanda ya ninka shi nesa ba kusa ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Masunta da mutanen ƙauyukan da ke gefen ruwan su ne kawai suka san halinsa, su ne kuma ruwan ya ci wa gonaki lokacin da aka tare kogin.

Haka muke da iska ma. Tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, ya kawo hazo da ƙura. A wurinmu lokacin kaushi ne da faso da mura, lokacin da gobara ke cin daji da rumbuna, lokacin da mai shanyar citta ke farin ciki mai tallan gari kuma yana kuka. Mun gaji karin maganar da ke cewa iska na wahalar da mai kayan kara, kuma kusan kullum a matsayin mai kayan karan muke kallon kanmu. Sai mun tuna ƙuruciya ne muke gane cewa akwai lokacin da iskar nan ta kasance abokiyar wasanmu.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san jirgin leda. Mu tsinci baƙar leda ko ta burodi, mu yanka ta kusurwa huɗu. Mu zari tsinke biyu daga tsintsiyar kwakwa ta gidanmu, wanda sau da yawa yake jawo mana faɗa a wurin iyayenmu mata. Ɗaya ya miƙe, ɗaya a lanƙwasa shi kamar baka. Zare kuwa, ko dai mu warware tsohon buhu mu yi ta ƙullawa, ko mu fasa mataccen kaset mu zare cikinsa. Sai jela, wadda ita ce sirrin abin: in ta yi gajarta jirgi ya yi ta juyi yana faɗowa da ka, in ta yi nauyi ya ƙi tashi. Babu malamin da ya koya mana wannan. Yayye ne ke nuna wa ƙanne, ƙanne su ɓata leda goma kafin ta sha ɗaya ta tashi.

Filin makaranta bayan an tashi, ko gonar da aka girbe, nan ne filin jirginmu. Mun san iskar hantsi ta fi ta yamma ƙarfi. Mun san in ka tsaya bayan itacen mangwaro ko bayan aji, iska takan zo a karkace ta kayar maka da jirgi, sai ka fita sarari. Mun san lokacin da ake sakin zare da lokacin da ake ja. Mukan ɗaga kai mu ga shirwa ta buɗe fiffike tana shawagi ba ta ko kaɗawa, mu ce wa juna namu ya kusa kai ta. Wannan abin da hannunmu ya sani muna 'yan shekara takwas, shi ne tushen wasannin da yau ake ba wa lambar zinariya a duniya.

Wasannin iri biyu ne. Na farko, allo ne dogo mai kama da ƙaramin kwale-kwale marar zurfi, an kafa masa sanda a tsakiya, an ɗaura wa sandar ƙyalle mai kama iska. Gindin sandar yana juyawa ta kowane ɓangare, don haka mai wasan yana tsaye ne a kan allon, yana riƙe da ƙyallen, da karkata shi gaba ko baya yake sarrafa inda zai nufa. Wasu Amurkawa biyu a Kalifoniya, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su suka nemi rajistar wannan ƙira a 1968. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Angeles, aka buɗe wa mata nasu rukunin a 1992 a Basalona.

Na biyu shi ne ɗan uwan jirgin ledarmu kai tsaye. Ƙaton jirgi ne na yadi mai ƙarfi, wanda faɗinsa kan kai murabba'in mita 7 zuwa 14, da igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 25. Igiyoyin suna haɗe da wata sanda da mai wasan ke riƙewa, da kuma ɗamarar da ya ɗaura a ƙugu, yadda nauyin jan zai sauka a jikinsa ba a damtsensa kaɗai ba. Ƙafafunsa na kan ƙaramin allo. In ya ja hannun dama jirgin ya yi dama, in ya ja hagu ya yi hagu, in ya tura sandar gaba ƙarfin jan ya ragu. Wasu 'yan uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka fito da irin wanda ake hura wa iska a gefe a 1984, don in ya faɗa ruwa kada ya nutse, a iya sake tayar da shi. Sai a 2024 wannan wasa ya shiga Olamfik, aka yi tserensa a tekun Marsay ta Faransa, inda gudun 'yan wasa ke haura kilomita 60 a awa ba tare da ɗigon fetur ba.

Mun san akwai masu dariya tun yanzu, suna cewa to, ƙungiya kuma za ta koma tara 'yan iska. Mun karɓi barkwancin. Sai dai waɗannan 'yan iskar sammako suke yi, ba sa zuwa ruwa a buge, kuma sun fi kowa bin doka, domin wanda ya raina ruwa ba ya maimaitawa.

Filin da ake ware musu a bakin teku ba wani gini ne na a zo a gani ba. Abu na farko sarari ne mai yashi ko ciyawa, babu itatuwa babu wayar lantarki, inda za a shimfiɗa igiyoyi a tayar da jirgi. Sai a raba ruwan: nan na masu iyo, nan na masu koyo, can na gwanaye, a sa alamomi masu yawo a kan ruwa. Akwai tuta da ke nuna inda iska ta fito, akwai mai gadin ruwa da kwale-kwalen ceto. Iskar da suka fi so ita ce mai zuwa ta gefe tana ɗan turo mutum gaɓa, domin in ya gaji ko kayansa suka lalace, za ta dawo da shi tudu. Wadda ke busowa daga tudu zuwa tsakiyar ruwa ita ce mai haɗari. A bayan sararin kuma sai rumfuna, bandaki, wurin ajiye kaya, masu abinci da masu gyara. Iyalai suna zuwa su shimfiɗa tabarma su yi kallo, yara na tayar da nasu ƙananan jirage. Mafi yawan waɗanda ke cika irin wannan fili ba su taɓa hawa allo ba, kuma su ne kasuwar.

A nahiyarmu akwai wuraren da suka yi suna. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, iskar kudu maso gabas tana kaɗawa daga Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin hunturunmu, sai Turawa su gudo wa sanyin ƙasarsu su cika bakin tekun Bloubergstrand. Garin Dakhla da ke Yammacin Sahara, ƙarƙashin ikon Maroko, hamada ce ta haɗu da teku, masunta da sojoji aka san shi da su. Iskar da ke damun mutanen garin da yashi ita ce yau ta kawo musu masaukan baƙi da makarantun koyon wasa da gasar duniya.

Mai cewa ai duk waɗannan teku ne, ga misalai biyu da suka fi kama da mu. Tafkin Garda a arewacin Italiya ruwan daɗi ne tsakanin duwatsu. Mutanen wurin sun san iskokinsu har sun raɗa musu suna: Peler tana zuwa daga arewa da sassafe, Ora tana zuwa daga kudu bayan azahar. A ɓangaren arewa na tafkin an hana jiragen shaƙatawa masu inji, aka bar wa masu amfani da iska, kuma ƙaramin garin Torbole da wannan yake ci. Na biyu shi ne Hood River a jihar Oregon ta Amurka, gari mai mutane kimanin 8,000 da aka sani da katako da gonakin 'ya'yan itace. Ruwan da ke gabansu na kogin Kolumbiya ne wanda dam ɗin Bonneville ya tare, wato ruwan dam ne kamar namu. Daga shekarun 1980 masu allo suka gano iskar da ke ratsa kwazazzabon, garin ya ware musu filaye a bakin ruwa, ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin wasan a duniya.

Ba muna cewa gobe Jere za ta zama Torbole ba ne. Akwai abubuwa biyar da dole mu dube su ido da ido.

Na farko ita kanta iskar. Ƙaton jirgin nan yana buƙatar iska mai gudun kusan kilomita 20 a awa ko fiye, kuma mai ɗorewa. Iskar cikin ƙasa takan zo da fizga, ta yi ƙarfi ta lafa, kuma yankinmu bai kai Katsina ko Sakkwato ko saman tsaunin Jos iska ba. Shi ya sa aka kafa injinan lantarki masu aiki da iska a Lambar Rimi ta jihar Katsina. Amma allo mai ƙyalle da ƙaramin kwale-kwale mai ƙyalle suna tafiya da iska mai sauƙi, ita ce ma ta fi dacewa da mai koyo. Iska ba a yi mata shaidar baki, aunawa ake yi. Na'urar auna iska ta hannu ba ta kai kuɗin wayar da ke aljihun yawancinmu ba. A damina kuwa, iskar da ke gaban hadari ba ta wasa ba ce, ga tsawa, don haka duk wanda ya ga gabas ta haɗe sai ya fito.

Na biyu, ruwan sha ne. Hukumar da ke kula da dam tana da gaskiya in ta yi taka-tsantsan, kuma babu mai hankalin da zai nemi a yi wasa kusa da bakin bututu ko inda ruwa ke malala ko wurin injinan lantarki. Sai dai a nan wasan iska ya fi kowane wasan ruwa hujja. Babu fetur, babu baƙin mai, babu ƙara. Abin da zai ɓata ruwa shi ne shara da bahaya, waɗannan kuwa fili mai tsari da bandaki da mai kula ya fi iya hana su a kan bakin ruwan da ba shi da mai shi.

Na uku, kuma mafi nauyi, yawancin yaranmu ba su iya ruwa ba. Mu kanmu da tsoro aka raine mu: kada ka je rafi, akwai 'yan ruwa, ruwa yana cin mutum duk shekara. Iyayenmu suna da dalili, don kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ya je wanka bai dawo ba. Amma tsoratarwa ba ta hana yaro zuwa rafi, ɓoyewa kawai take koya masa, sai ya je ba babba a kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Ba mu manta da Bagwai a jihar Kano ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari, mutane sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai ƙanana. A Bangaladash, inda ruwa ya fi namu yawa, da gora suke kewaye wani ɓangare na kududdufi, su yi masa daɓe yadda yaro ba zai nutse ba, matasan ƙauye da aka horar su koya wa yara iyo. Gora dai muna da ita. Ko da ba a taɓa ɗaga ƙyalle ɗaya a Gurara ba, in maganar nan ta sa yara ɗari suka iya ruwa, ta biya.

Na huɗu, abin da ke cikin ruwan. Tafkin dam yana rufe kututture da duwatsu waɗanda ba a gani sai ruwa ya ja baya da rani. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan daɗi mai dodon koɗi, musamman gefe mai ciyawa inda ruwa ke kwance. Ciwo ne mai magani, amma sai an san da shi. Wannan ya sa zaɓen wuri ba aikin ɗan birni mai taswira a waya ba ne. Aikin masunta ne da Sarkin Ruwa da ma'aikatan lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyar, tsaro. Babu amfanin ɓoye shi. Sunan hanyarmu ya ɓaci da satar mutane shekara da shekaru, harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022 kuma ya tsayar da zirga-zirgarsa har watan Disamba na shekarar. Ƙauyukanmu sun sha wuyar da ba ta faɗuwa. Ba za mu kai yaran mutane inda masu unguwanni da 'yan banga da jami'an tsaro ba su amince ba. Abin da muka lura da shi dai shi ne, wurin da mutane suka ƙaurace wa shi ke zama na ɓarayi. Kuma abu biyu cikin abin da za mu kawo a ƙasa ana iya fara su a tsakiyar gari, ba sai an jira daji ya lafa ba.

To me ya sa muke gaggawa, tunda matsalolin suna da yawa haka? Saboda abin da ya faru da mutanen Legas. Iyayenmu da suka yi zama can suna ba da labarin Bar Beach, bakin tekun da talaka da mai kuɗi ke zuwa kyauta ranar hutu. Yau babu shi, an cike wurin da yashi an gina sabon birnin Eko Atlantic. Yawancin bakin tekun da ya rage a Lekki sai ka biya kafin ka taka yashi. A Tarkwa Bay, inda yaran unguwa suka koyi hawan igiyar ruwa da allo har suka fara koya wa baƙi, an tashi dubban mazauna wurin a watan Janairun 2020. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abuja tana matsowa ta Bwari da ta Tafa, kowa ya ga yadda farashin fili yake tashi. Ranar da hanya ta gyaru tsaro ya samu, bakin ruwan Gurara zai yi tsada, kuma waɗanda za su fara zuwa da takardu ba 'ya'yan masunta ba ne. Ba ma ƙin mai zuba jari, muna maraba da shi. Amma in ya zo ya tarar da filin jama'a a rubuce, zai gina otal ɗinsa a gefe. In bai tarar ba, a kai zai gina.

Akwai kuma darasin Kano. An gama dam ɗin Tiga a 1974 a zamanin Audu Baƙo, aka yi otal na alfarma a Tiga da Bagauda domin masu yawon buɗe ido. Na Tiga ya daɗe a yashe, na Bagauda ya koma makarantar horon lauyoyi. Gini shi kaɗai ba ya riƙe bakin ruwa. Abin da ya riƙe Torbole da Hood River mutane ne da ke shiga ruwan kullum, yaran gari da suka zama malamai da masu ceto da masu ɗinkin ƙyalle. Don haka mu da mutane za mu fara.

Ga abin da muke ganin ƙungiya za ta iya, daki-daki.

Ɗaya, ranar jirgin leda. Rana guda a cikin hutun Disamba, a filin makaranta da ba shi da wayar lantarki a kusa. Kowane yaro ya haɗa nasa da hannunsa, manya su zo su nuna abin da suka iya. A ba da kyauta ga wanda ya fi nisa, wanda ya fi daɗewa a sama, da wanda ya fi kyau. A hana zare mai kaifi da na waya, a kwashe ledar da ta faɗi kafin a watse. A Gujarat ta Indiya, ranar 14 ga Janairu gari guda ke hawa soro domin wannan wasa, baƙi na zuwa daga ƙasashe. Bikin kamun kifi na Argungu ma da mutanen gari ya fara kafin duniya ta san shi. Wasa ne da ba ya tambayar yaro yarensa ko inda iyayensa ke ibada, kuma mun san darajar irin wannan a kudancin Kaduna.

Biyu, littafin iska. A sayi na'ura biyu, ɗaya a hannun malamin kimiyya da ɗalibansa a cikin gari, ɗaya a hannun wani masunci a bakin tafki. Sau uku a rana, safe da azahar da la'asar, a rubuta ƙarfin iska da inda ta fito, har shekara ta zagayo. Wanda ya je ofis da littafin shekara guda ya fi wanda ya je da buri.

Uku, koyon iyo. A nemi wuri marar zurfi da masunta da ma'aikatan lafiya suka yarda da shi, a kewaye shi. A horar da matasa maza da mata, domin 'yan mata su samu ranarsu da malamansu mata da suturar da iyaye za su natsu da ita. Ruwa ba ya tambaya ko mace ce ko namiji, kuma mata ne suka fi zuwa rafi wanki da ɗibar ruwa. A sayi rigunan kariya daga nutsewa, masu kwale-kwalen haya ma su amfana.

Huɗu, takarda. Ta hannun masarauta da ƙaramar hukuma da wakilanmu, a rubuta wa Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya, a nemi a shata wani yanki na gaɓa nesa da kayan aikin dam, a rubuta cewa na jama'a ne, babu kuɗin shiga. Mutanen ƙauyukan da ke bakin ruwan su kasance a sahun gaba, sunayensu a saman takardar, domin su suka biya farashin dam ɗin da gonakinsu, kuma su ya kamata su fara cin moriyar duk abin da zai biyo baya.

Allo da ƙyalle su ne na ƙarshe. Sabon kayan wasan jirgi na mutum ɗaya ya haura dala 1,000, ba abin da za mu ce iyaye su saya ba ne. Amma ana samun na hannu, kuma allo biyu sun ishi yara ashirin koyo in na ƙungiya ne. A nan ne 'yan uwanmu da ke Legas da Turai da Amurka za su shigo. Kafin nan ma, kafintocinmu da telolinmu ba za su gaza ɗaura wa kwale-kwalen katako sanda da ƙyalle ba.

Mu tuna cewa lokacin iska shi ne lokacin da aikin gona ya ƙare, matasanmu suke watsewa Abuja cin rani, wasu su dawo da abin kirki wasu su dawo da abin da ba a so. Mu tuna yadda cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta nuna mana haɗarin dogaro da abu guda. Mai tsire, mai kifi, mai masa, mai babur, mai ɗaukar hoto, duk suna da rabo a filin da mutane ke taruwa.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa. Malaman makaranta da ke cikinmu su duba filin da ya dace. Wanda ya san masunta ko ya iya ruwa sosai ya sanar da sakatare. Iyaye kuma, in yaro ya zari tsinke biyu daga tsintsiya a hunturun bana, a yi masa afuwa, a taya shi ƙulla zaren.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Jere da kudancin Kaduna baki ɗaya, Ya tsare mana yaranmu a tudu da cikin ruwa. Amin.